Ranar da Na Ba 'Yan Aji Uku Aron Ɗana

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda a lokacinsu na ɗauka ba za su taɓa barin zuciyata ba. Amma ranar da na ba 'yan aji uku aron ɗana, wannan kam ba ta mantuwa, ko da na tsufa na kasa gane jikokina. Shekaru sun ja, yaron ya zama mutum, amma in na rufe ido ina ganin filin makarantar nan da kowa a inda ya zauna.

A lokacin ana gab da shiga shekara ta dubu biyu, ina da shekara biyu da aure, a wani ƙaramin gari cikin ƙasar Bukkuyum. Ni karatuna bai yi nisa ba. A aji huɗu na firamare na tsaya, wannan rubutun ma da kuke gani rabinsa a ajin yaƙi da jahilci na ƙaro shi daga baya. Sai dai gidan da nake aure yana manne da sakandaren garin, ta jeka-ka-dawo. Makarantar ba ta da katanga, dangar karan gidanmu ce iyakarta ta gabas. Don haka ko da yake ban taɓa zama a bencinta ba, na san ta kamar tsakar gidanmu. Na san ƙarar tsohon ƙarfen ƙafar mota da suka rataye a dogonyaro suna bugawa a madadin ƙararrawa. Na san ranar da ake fasa tsohon batir a shafe allo da baƙinsa, don ranar yara kan fito hannu duk baƙi. Ina daka ina jin monita yana tsawa yana cewa zai rubuta sunan masu surutu, ina shanya ina hango 'yan latti suna tsallen kwaɗo daga bakin hanya har ƙofar ofis. Har malaman na bambance su da murya, na san mai duka da mai barazana kawai.

Ƙanwata tana aji uku. 'Yan mata a ajinsu ba su kai goma ba, kuma da an tashi tara, wato hutun cin abinci, gidanmu suke kwararowa shan ruwa, don randarmu ta fi rijiyar makaranta sanyi. Su zauna bakin turmi suna gardamar wa ya ci gwaji, wa ya leƙa littafin wani, wane malami ne wandonsa ya ɗage. Ni ina aikina ina saurare. Ba na sa baki, amma babu abin da ke wuce ni.

Ɗana yana da wata biyar. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin mijina aka sa masa. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba ki faɗin sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka a gaban manya sai ki yi kamar ba ki ji ba, har wani ya ɗauko ya miƙo miki. "Yaron nan" nake ce masa, ko "wancan". A fili ke nan. A ɓoye kuwa, Allah ya sani, ban taɓa jin tsoron wani abu kamar yadda nake tsoron abin da zai same shi ba. Ko barcin rana yake yi, sai in bar tukunya a wuta in shiga ɗaki kamar na manta wani abu, in kai yatsa hancinsa in ji ɗumin numfashi, sannan in fito. A wuni ina yin haka sau biyar, sau shida, babu wanda ya sani.

Ƙarshen zangon damina aka ce za a yi gasar wasan kwaikwayo tsakanin azuzuwa, ranar da ake raba sakamako. Alƙalai za su zo daga Gummi, ajin da ya ci kuma za a ɗauke shi a bas a kai shi can ya kara da makarantun Gummi da na Anka. Ƙanwata ba ta taɓa wuce kasuwar Bukkuyum ba. Tun da aka yi wannan sanarwa bakinta bai sake furta wata magana ba sai Gummi. Ita aka ba matsayin uwa a wasan ajinsu, ita ce mai yawan magana a ciki, kuma duk ajin sun sa rai a kanta. Har takalmin da za ta sa a tafiyar ta riga ta aro ta wanke ta ajiye.

Wata rana da aka tashi tara sai ta shigo ita kaɗai. Ina tankaɗe a bakin madafa, uwar mijina, wadda nake kira Inna kamar yadda 'ya'yanta ke kiranta, tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa, yaron yana kwance a gefenta. Ƙanwata ta wuce ni ta je ta durƙusa gaban Inna.

"Inna, yau wurinki na zo, ba wurin Yaya ba. Aron angonki muke so."

Inna ta dube ta ta dubi jikanta. "Wanga raggo? Miji ba cefane, ba noma, sai ci da kuka. Mi za ku yi da shi?"

"Wasa za mu yi. 'Yan aji biyar jaki za su kawo, Inna, jaki mai rai. Mu ko matashin kai muke goyo. Malam ya ce in alƙalai sunka ga jaki sannan sunka ga matashi, an gama da mu."

Inna ta yi dariya har gyaɗa ta zube daga zanenta. "Ashe da jaki za a gwada shi! To ku ɗauka. In ya yi muku amfani ku riƙe, kun rage min hayaniya."

Ƙanwata ta ɗan waigo. "Yaya, kin yarda?"

Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Mi nata a ciki? Ni ba na ba ki ba?"

Na ci gaba da kaɗa rariya na ce, "Ni ina ruwana." Haka ya kamata in ce, kuma haka na ce. Daga baya na gane da gangan ta zaɓi lokacin da Inna ke zaune. Ta san ni, ta san a gaban Inna ba ni da bakin tambaya.

Inna ta gindaya sharaɗi ɗaya, ba za a riƙa fita da shi rana kullum ba, sai ranar wasan. Saboda haka suka ci gaba da gwaji da matashinsu. Bayan an tashi makaranta sukan dawo da yamma su taru ƙarƙashin wata tsamiya da ke daf da dangarmu, ni kuma na sami wata kafa tsakanin kara ina leƙe. Labarin wata mata ne da ɗanta ya kamu da gudawa. Maƙwabciya ta ce a kai shi asibiti, miji ya ce ba shi da sukuni, ranar kasuwa ce. Sai uwar ta ɗauke shi ta kai wa boka. Wanda ke yin bokan shi ne shaƙiyyin ajin, yakan shafa alli a fuska ya rataya buzu yana karkarwa yana magana ta hanci, har malaminsu ya juya baya yana dariya. Malamin matashi ne, mai koyar da Hausa, da 'yar takarda a hannu kullum yana cewa, "A sake! Ke uwa, kuka nike so, ba waƙa ba."

Matsalar ita ce kullum suna isowa wurin boka ake kiran la'asar, ni kuma lokacin ɗora tukunyar tuwo ke nan. Sai in bar kafar in tafi. Kusan mako uku ina kallon wasan nan, ban taɓa ganin abin da ke biyo bayan boka ba.

Amma na ga wani abu. Ƙawar ƙanwata, wadda ke yin maƙwabciya, tana zuwa da farin yadi a ninke cikin jakarta, sabo, bai fi kamu biyu ba. Duk ɓangaren da na kalla ba a taɓa fito da shi ba. Na ce wa raina ƙila ɗankwalin nas ne. Sai kuma na ga mai yin nas ta zo da hularta da aka yanka da kwali. Na ce ƙila shimfiɗar teburin asibiti ne. Haka na yi ta ba kaina amsa, don ban son amsar da ke can ƙasan zuciyata. Na kuma lura ƙanwata ta daina haɗa ido da ni in ta zo shan ruwa.

Ana gobe wasa na sami dama, kuma wannan damar ita ce har yau nake jin haushin kaina a kanta. Inna ta tafi barka, gida ba kowa, ƙanwata ta zo gwada goyo. Na ɗora mata shi a baya ta ɗaure, tana zagaya tsakar gida tana jijjiga shi. Daga ni sai ita. Yarinyar da muka tashi a tabarma ɗaya, na yi mata wanka, na yi mata kitso.

Na ce, "Wasan naku da tsawo?"

"A'a, ko shinkafa ba ta dahuwa an ƙare."

"Ki tallafe mashi kai in za ki sauke shi."

"Haba Yaya, ƙannenmu biyu a bayana sunka girma."

Tambayar tana bakina. Bayan boka mi ke faruwa? Farin yadin na mi ne? Kalmomi ne da ba su kai goma ba. Amma sai na ji in na tambaya na nuna damuwa, in na nuna damuwa na zama mara kunya mai rawar kai a kan ɗan fari, ko da a gaban ƙanwata ne. Na haɗiye. Ita ma ta yi maza ta kwance shi ta miƙo mini ta ce ana jiranta.

Washegari an yi ruwa da asuba, gari ya yi luf, ƙasa ta jiƙe. Tun da hantsi ɗalibai ke fito da bencina a kai suna jerawa ƙarƙashin dogonyaro. Aka haɗa teburan aji wuri ɗaya aka shimfiɗa tabarmi a kai, shi ne dandali. Labule kuwa zannuwan gado biyu ne a jikin gora, dogayen ɗalibai biyu suna riƙe da bakinta. Maza suka zauna a bencina, mu mata aka shimfiɗa mana tabarmi can gefe daga baya. A layin farko ga shugaban makaranta, ga alƙalai uku da takardunsu, ga liman da dattawan kwamitin iyaye, cikinsu har da mahaifin mijina da farar rigarsa. Mijina ya dawo daga gona a makare, na hango shi tsaye can baya cikin samari.

Kafin a fara na koma bayan aji na ba yaron nono har ya ƙoshi ya yi barci. Dabarata ce, don kada ya yi kuka ya ɓata musu wasa. Barcinsa kuwa nauyi gare shi, in ya yi shi ko an ɗaga hannunsa sai ya faɗo yaraf. Na miƙa wa ƙanwata shi na koma kusa da Inna na zauna.

Aka fara da raba sakamako, aka kira na ɗaya zuwa na uku a kowane aji, aka ba su littattafai da sabulu. Aka yi muhawara da Turanci wadda ban fahimci komai a cikinta ba sai buga tebur. 'Yan aji biyar suka fito da jakinsu, jakin ya ƙi hawa dandali, aka yi wasan a ƙasa, ya kuma yi kashi a gaban alƙalai, mutane suka yi ta dariya. Sannan aka kira aji uku.

Gaskiya sun iya. Da aka ja labule ƙanwata ta fito da goyo, mata suka fara raɗa, "Kai, ɗa ne na gaske!" Na ga ɗaya daga cikin alƙalan ya gyara zama ya rubuta wani abu. Mai yin miji ya sa gemun auduga yana tafiya da gadara, mata suna tsaki suna cewa haka suke duk. Boka ya fito fili ya rikice da dariya. Ni ma na yi, amma idona yana kan ƙafar yaron da ke reto a bayanta.

Aka ja labule, aka sake buɗewa. Daga nan ne ban san abin da ke biyowa ba.

Ƙanwata tana zaune a tabarma, ta kwantar da shi a cinyarta. Ta taɓa goshinsa. Ta ɗaga hannunsa ta saki, hannun ya faɗo yaraf. Ta sake ɗagawa, ya sake faɗowa. Sai ta ƙwalla ƙara, irin ƙarar da na taɓa ji sau ɗaya tak, ranar da maƙwabciyarmu ta rasa 'yarta. Ban san inda yarinyar nan ta koyo ta ba. Fili ya yi tsit. Wani ɗalibi da rawani ya shigo yana cewa, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, sai haƙuri." Aka karɓe shi daga hannunta aka shimfiɗe a tabarma. Sannan ƙawarta ta buɗe farin yadin.

Na san wasa ne. Ina so a fahimci wannan, hankalina bai gushe ba. Na san barci yake yi, ni na sa shi barcin da kaina. Amma da aka rufe ƙafafunsa, aka ja yadin zuwa ƙirjinsa, sai na kafa ido ina neman in ga yadin yana motsi da numfashi. Daga inda nake ba a gani. Na miƙa wuya, ban gani ba. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Subhanallahi, ana yi wa mai rai haka?" Aka ja yadin ya rufe fuskarsa.

An ce sau uku na kira sunansa. Ni na ji na farkon kawai. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar suna, sunan da ko a nan ba zan rubuta ba, shi na ƙwala a gaban gari duka, mai sunan na asali yana zaune a layin farko. Na ratsa ta tsakiyar bencinan maza, takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo na bar shi, mayafina ya zame. Na dafa tebur na haye, teburin ya karkace, mai rawani ya yi tsalle ya dira ƙasa. Na fizge yadin na sure yaron na kai kuncina hancinsa. Ɗumi. Shi kuwa da aka tashe shi da ƙarfi haka sai ya callara kuka iyakar ƙarfinsa.

Wani daga cikin samari ya ce, "Gawa ta tashi!" Fili ya fashe. Masu riƙe da labule suka saki gora suna riƙe ciki. Garinmu ƙarami ne, babu wanda ya ɗauka cikin wasan ne, kowa ya san ni, ya san ɗan wa na ɗauka. Ina tsaye a kan tebur, ƙafa ɗaya ba takalmi, na duba na ga mijina ya sulale ya bi bayan aji. Na ga mahaifinsa ya sunkuyar da kai yana kallon carbinsa. Sannan na dubi ƙanwata. Tana durƙushe inda take, hawayen wasa bai bushe a fuskarta ba, tana kallona ba ta ko ƙifta ido.

Ashe saura fitowa ɗaya. Nas ce za ta shigo ta yi wa jama'a bayanin ruwan gishiri da sukari da amfanin zuwa asibiti da wuri, shi ne kan wasan gaba ɗaya. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin ta yi wata guda tana haddace jawabin. Malamin ya yi ta ɗaga hannu a yi shiru a ci gaba, ina! Ta fito da hular kwalinta ta buɗe baki, dariya ta danne ta, ta juya ta koma tana kuka. Alƙalai suka haɗa kai suka yi 'yar magana. 'Yan aji biyar suka ci.

Ban san yadda na isa gida ba. Na shige ɗaki na zauna, ina jiran abin da zai biyo baya. Inna ta shigo da takalmina a hannu, ta jefa shi bakin ƙofa.

"Kin kyauta," ta ce. "Gaban alƙalai, gaban liman, kin kira mai gidan ga kamar kina kiran akuya." Tana ta huci. Can ta miƙo hannu ta karɓi yaron, ta buɗe rigarsa tana duba shi, ta tofa masa addu'a. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ni ma na yunƙura. Gwiwa ce ta ƙi."

Da safe na je gaida mahaifin mijina kamar kullum, na durƙusa daga bakin ƙofa kaina a ƙasa, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya amsa gaisuwa, ya tambayi kwanan yaro. Har na yunƙura zan tashi sai ya ce, "Jiya an kira ni har sau uku, ban samu na amsa ba. To, na'am." Bai ƙara ko kalma ba, bai kuma sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Matan unguwa ne dai suka riƙe ni da ita. Wata guda in na je rijiya sai wata ta ce, "Wai ranar nan wa kike kira, babban ko ƙaramin?" Malamin ma ya zo zaure ya ba mijina haƙuri, ya ce shi bai yi aure ba, bai kawo komai a ransa ba, yana ganin tunda yaro barci yake yi shi ke nan.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce ƙanwata. Bayan mako biyu bas ta zo ta kwashi 'yan aji biyar. Ta kafar danga na ga 'yan aji uku sun tsaya a gindin tsamiya suna kallon motar har ta sha kwana, ita tana can ƙarshe ta harɗe hannuwa. Da aka koma makaranta 'yan matan ba su sake zuwa shan ruwa gidanmu ba, suka koma rijiya. Shekarar da ta biyo ba a yi gasar ba, aka yi wa malamin canjin wurin aiki, maganar wasa ta mutu. Ba ta je Gummi da ajinsu ba, kuma ba ta sake hawa dandali ba.

Sai da aka yi kusan wata biyu sannan na nemi izini na je gidanmu. Na same ta a bayan ɗaki tana wanke yunifom. Na tsaya a kanta da goyona, ta ci gaba da cuɗa.

Na ce, "Ke ba ki gaida mutane?"

"Sannu."

"Kin san ƙarshen wasan, kinka ɓoye min."

"Na sani." Ta matse rigar ta jefa a bokiti. "In na faɗa miki ba ki yarda."

"To ai kin ga."

Ta ɗago. "Yaya, sau nawa kina leƙenmu ta danga? Kin ɗauka ba mu ganin idonki? Ranar da na zo gwada goyo na ga bakinki yana motsi. Na ce in kinka tambaya zan faɗa miki gaskiya, mu koma ga matashinmu, ko mu rufe shi iya ƙirji. Jira nike ki tambaya. Kinka ce in tallafe mashi kai."

Na ce, "Ya zan yi in tambaya? Ɗan fari ne. Ki ce ina rawar jiki a kanshi?"

"Ni kaɗai ce a gidan," ta ce. "Kinka ji kunyata ni ɗaya. Sannan kinka je kinka faɗa wa gari duka."

Na tsuguna na jawo bokitin na fara ɗauraye mata rigunan. Ba ta hana ni ba. Muna cikin shanya yaron ya farka yana miƙa mata hannu, ta ɗan yi kamar ba ta gani ba, sannan ta goge hannunta a zane ta kwance shi daga bayana.

Ban taɓa nadamar ɗauke ɗana daga ƙarƙashin yadin nan ba, in aka sake yau zan sake hawa teburin. Ita ma ta yarda ɓoyewar da ta yi ba daidai ba ce. Amma tafiyar da yaran nan suka yi wata guda suna wahala a kanta, ba a kan dandali na rushe ta ba. A tsakar gida na rushe ta, ranar da nake da tambaya a baki na haɗiye. Kunya abu ce mai kyau, ban yar da ita ba, har yau ban kiran sunan yaron nan. Sai dai na koyi cewa tsoron da ka ƙi faɗa wa mutum ɗaya cikin natsuwa ba ya tafiya ko'ina, yana nan yana jiran ranar da zai fito da ihu a gaban kowa, kuma a ranar ba kai kaɗai zai kunyata ba, har da wanda bai ji ba bai gani ba. Shi ya sa yanzu duk ɗan da ya dawo daga makaranta ya ce mini, "Inna, an ce mu kawo kaza, za a yi kaza," nakan ajiye abin da ke hannuna in zaunar da shi in ce ya faɗa mini daga farko. In ya kai tsakiya ya tsaya, sai in ce, "Daga nan kuma sai mi?" Ba na tashi sai na ji ƙarshe.